Ƙin Mutum Ba Da Dalili Ba

A kotunan Ingila da Amurka, idan laifi ya yi girma, akan zaɓo mutane, galibi 12, daga cikin jama'ar gari, su saurari shari'a, su faɗi ko laifi ya tabbata. Su ake kira juri. Tun zamanin da an bai wa wanda ake tuhuma, a Amurka har da mai gabatar da ƙara, ikon ya ce a fitar da wane daga cikinsu, ba tare da ya ambaci dalili ba. A kan wannan iko aka yi saɓani.

Masu goyon bayansa sun ce wanda ransa ke hannun shari'a yakan hango ƙiyayya a fuskar mutum, ya kasa kafa hujja a kanta. Masu sukarsa sun ce mafaka ce ta son zuciya, domin ta nan aka daɗe ana korar baƙar fata daga juri a Amurka, har babbar kotun ƙasar ta hana a 1986. Ingila ta rage adadin waɗanda za a ƙi zuwa 7 a 1948, zuwa 3 a 1977, ta soke ikon a 1988. Kanada ta soke a 2019.

Mutanen Rurum ba su san juri ba, amma sun san shaidu, waɗanda bakinsu ke ɗaure mutum ko ya kwance shi. Idan falke ya kai ƙarar bashin hatsi gaban alƙali a Rano, ya kawo shaidunsa, sai a yi wa wanda ake ƙara i'izari, a tambaye shi ko yana da suka. Yana da ikon tajarihi, amma sai da dalili: gaba, ko kusanci irin na ɗa da mahaifi, ko amfanin da mai shaida zai samu. Kuma a ba shi ajali ya kawo hujja. Haka yake a Muhtasar da Tuhufa.

Wannan hanya ta fi. Tsoron mai rauni gaskiya ne, amma maganinsa alƙali mai haƙurin sauraro. Dalilin da aka faɗa a fili ana iya auna shi. Mai ɓoye nasa kuwa, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Saboda haka kada attajiri ya ƙi shaidar maƙwabcinsa don talaucinsa, kada malami ya koya masa dabarar yin haka. Gobe shi ma zai nemi a karɓi tasa.

Allah ya sa a gane, amin.