'Yan Wasa Masu Ƙasa Biyu a Tawagar Ƙwallon Ƙafar Amurka

Tawagar ƙwallon ƙafa ta maza ta Amurka tana dogaro sosai da matasan da suka cancanci buga wa ƙasa fiye da ɗaya. Tsarin mulkin ƙasar yana bai wa wanda aka haifa a cikinta takardar zama ɗan ƙasa, ko da ya tashi a wani wuri.

Yunus Musah, wanda iyayensa 'yan Ghana ne, an haife shi a New York a 2002. Ya tashi a Italiya da Ingila, ya zaɓi Amurka a 2021, sannan ya buga gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar. Folarin Balogun kuwa, ɗan asalin Najeriya da ya girma a Landan, ya bar Ingila ya koma Amurka a watan Mayun 2023.

Dokar FIFA ta 2020 ta sauƙaƙa sauya sheƙa ga wanda bai wuce wasanni uku a babbar tawaga ba kafin ya cika shekara 21. Wannan ya sa hukumomi ke rige-rigen zawarcin matashi tun da wuri. Ita ma Najeriya ta amfana da irin wannan sauyi, inda ta samu Ademola Lookman daga Ingila a 2022.