Gem: Shirme Ne Ko Aikin Hikima?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni.

Akwai wata muhawara da Turawa suka shafe kusan shekara ashirin suna yi, mu a nan ko fara ta ba mu yi ba, alhali abin da ake muhawarar a kansa yana cikin ɗakunanmu, yana hannun 'ya'yanmu dare da rana. Tambayar ita ce: shin wasannin bidiyo, wato gem ɗin nan da ake bugawa a waya da kwamfuta da PlayStation, za a iya ajiye su a sahu ɗaya da littafi da fim da waƙa da zane? Na san yawancin sa'o'ina amsarsu a bakin leɓe take: shirme ne, ɓata lokaci ne, kashe ido da kashe cajin waya ne. Ni dai ra'ayina shi ne, akwai gem ɗin da ya kai matsayin aikin hikima, kuma kuɗin goron da muke yi musu ba ya kare yaranmu daga komai.

Kafin wani ya ce ai sunansa ma wasa, to mu tuna mu ne muka raɗa wa dirama suna "wasan kwaikwayo", kuma duk wanda ya zauna ajin Hausa ya san ana lissafa shi cikin rassan adabi uku, tare da zube da waƙa. Tashe ma wasa ne, amma babu mai musun hikimar da ke cikinsa, yadda yara ke fakewa da raha su yi wa manya hannunka mai sanda. Ke nan kalmar wasa ita kaɗai ba ta isa ta kori abu daga zauren hikima ba. Haka kuma idan na ce fasaha a nan, ina nufin irin ta mawaƙi da marubuci da magini, ba ta "kimiyya da fasaha" da muke ji a labarai ba. Waccan kam kowa ya yarda gem yana da ita.

Wanda ya fi kowa shahara a ɓangaren masu cewa a'a shi ne Roger Ebert, wanda ya kasance babban mai sharhin finafinai na jaridar Chicago Sun-Times a Amurka. A 2010 ya yi rubutu ya ce gem ba zai taɓa zama aikin fasaha ba. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce gem abu ne mai dokoki da maki da ci da faɗuwa, shi kuwa littafi ko fim ba a cin sa, shiga ake yi a ɗanɗana. Tun kafin nan kuma ya sha cewa aikin fasaha sai mai shi ya riƙe linzami, to ina linzamin yake idan mai bugawa ne ke zaɓar abin da zai faru? A taƙaice, a wurinsa gem ɗan'uwan dara ne. Kowa ya san gwanin dara gwani ne, amma ba a kiransa mawallafi.

Na yarda da shi a kan gem da yawa. Ƙwallon da matasa ke bugawa a gidan gem ana ihu, dara ce ta zamani, ba ta wuce nan ba. Haka Candy Crush da su Ludo na waya. Inda muka raba hanya shi ne kalmar "ba zai taɓa ba". Bari in kawo misali ɗaya tak, wanda duk ma'aikacin gwamnati zai gane shi.

A 2013 wani Ba'amurke mai suna Lucas Pope ya fitar da gem mai suna Papers, Please, shi kaɗai ya haɗa shi. Kai ba jarumi ba ne a cikinsa, ba ka da mota, ba ka da ƙarfi. Ƙaramin jami'in shige da fice ne kai a bakin iyakar wata ƙasar kama-karya da aka ƙirƙira, sunanta Arstotzka, a ƙarshen shekarar 1982. Aikinka kawai ka karɓi fasfo, ka duba hoto da kwanan wata da hatimi, ka buga tambarin shiga ko na komawa. Ana biyanka ne gwargwadon yawan mutanen da ka sallama daidai. Idan ka yi kuskure, takardar gargaɗi za ta faɗo, na farko da na biyu a rana kyauta ne, daga na uku sai a fara yankar albashi. Kusan kullum kuma sabuwar doka ce ke saukowa daga sama, yau a ce sai da takardar izini, gobe a ce an soke ta an kawo wata. Da yamma sai a nuna maka lissafin gida: kuɗin haya, abinci, ɗumama ɗaki saboda sanyi, magani. Kana da mata, da ɗa, da suruka, da kawu, duk a wuyanka.

To a rana ta biyar sai wani mutum ya zo, takardunsa lafiya lau. Yana wucewa sai ya ce maka matarsa tana bayansa, don Allah ka kyautata mata. Matar ta zo, babu takardar izinin shiga. Ta ce idan aka mayar da ita kashe ta za a yi. Tambari yana hannunka, layi yana jira, lokaci yana tafiya, kuma idan ka riga ka cinye gargaɗinka biyu na ranar, tausayinka zai fito ne daga kuɗin cefanen gidanka.

Wallahi da na kai wurin nan a waya, sai da na dakata na ɗan jima ban taɓa komai ba. Shekaruna a aikin gwamnati sun isa in san wannan yanayin: tsohon da ya zo neman haƙƙinsa fayil ɗinsa ya rasa takarda ɗaya, kai kuma ka san gaskiya ce da shi, ka kuma san abin da doka ta ce, ka kuma san wa za a tuhuma idan binciken kuɗi ya zo. Marubuci zai iya ba ka labarin jami'in da ya kori matar, ka karanta ka ce kai wannan mugu ne. Ɗan fim zai iya nuna maka hawayenta. Shi kuwa Pope sai ya miƙa maka tambarin ya koma gefe. Idan ka kore ta, kai ka kore ta, kuma ka san dalilinka. Daga nan ne mutum zai fahimci yadda tsari mara kyau yake sa mutumin kirki ya yi rashin kirki ba tare da ya tashi daga gida da niyyar mugunta ba. Wannan darasi ne da na ga manyan littattafai suna fama su isar.

Nan ne kuma amsar Ebert take. Linzamin bai fita daga hannun mai gem ba. Shi ya ƙayyade albashin ya zama bai isa ba, shi ya ƙayyade gargaɗi biyu ne kawai, shi ya sa mijin ya riga matar zuwa. Kai kana zaɓi ne a cikin ɗakin da ya gina. Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 bai tsaya yana gaya wa mutane ta wace ƙofa za su shiga ko ina za su fara kallo ba, amma duk wanda ya ɗaga kai ya ga bakan gizon nan ya san hannun gwani ya ratsa wurin.

Kuma ba Papers, Please kaɗai ba ne. Wani kamfanin ƙasar Poland ya fitar da This War of Mine a 2014, inda kake riƙe da farar hula da yaƙi ya rutsa da su a cikin birni, an ɗauko tunaninsa daga ƙawanyar da aka yi wa Sarajevo tsakanin 1992 da 1996. Neman ruwa da abinci da magani ne aikinka, wani lokaci sai ka zaɓa tsakanin satar kayan wasu tsofaffi da barin naka ya mutu. A 2020 gwamnatin Poland ta sanar da saka shi cikin jerin abubuwan da ake ba manyan ɗaliban sakandare shawarar su nazarta, gefe ɗaya da littattafai.

Hukumomin can ma sun daɗe da motsawa. A watan Yunin 2011 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta yanke cewa gem yana da kariyar 'yancin faɗar albarkacin baki irin wadda littafi da wasan kwaikwayo da fim suke da ita, saboda shi ma yana isar da tunani da saƙo. Abin dariyar, ita wannan kotu a 1915 ta ce fim kasuwanci ne zalla, bai cancanci wannan kariya ba, sai a 1952 ta janye. A 2012 gidan adana kayan fasahar zamani na New York, wanda ake kira MoMA, ya karɓi gem 14 cikin taskarsa, har da Tetris da Pac-Man, duk da dai a sashen tsara kayayyaki ya ajiye su. Ban kawo waɗannan don in ce abin da Bature ya yarda da shi dole mu yarda ba. Na kawo su ne don a ga cewa raina sabon salo tsohuwar ɗabi'a ce.

Mu ma mun yi namu. Waɗanda muka tashi a shekarun 1990 mun ga yadda aka yi wa littattafan soyayya. "Adabin kasuwar Kano" aka kira su, da sigar raini, ana ƙwace su a makarantu. Yau ga shi ana rubuta kundin digiri a kansu, malamai irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi dogon nazari a kai, an fassara littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu zuwa Turanci ana karanta shi a ƙasashen waje. Shin duka littattafan ne masu kyau? Ina! Akwai tarkace da yawa. Amma da aka zauna aka karanta ne aka iya ware tsaki da tsakuwa.

Wannan shi ne ainihin abin da ya dame ni. Uban da ya ce duk gem shirme ne, ba zai taɓa tambayar ɗansa wanne yake bugawa ba. A wurinsa da Tetris da GTA duk ɗaya ne, yaro na danne-danne. Alhali GTA V, wanda ya tara dala biliyan 1 cikin kwana uku da fitowarsa a 2013, an rubuta 18 ɓaro-ɓaro a jikin kwalinsa na Turai, kuma abin da ke ciki ba na yaro ba ne ko kaɗan. Amma ka leƙa gidajen gem na unguwa ka ga shekarun masu riƙe da shi. Da fim ne mai irin wannan abin, da tuni an kira taron iyaye. Da yake mun ce wasa ne, sai muka kau da kai. Shi kansa Papers, Please ɗin da na yaba ba na ƙananan yara ba ne. Kasancewar abu aikin hikima ba ya nufin ya dace da kowa, kamar yadda ba kowane littafi ake ba ɗan firamare ba.

Akwai kuma waɗanda aka gina su musamman don tatsar aljihu. Ka sa kuɗi ka buɗe akwati ba ka san me zai fito ba, ko ka samu ɗan wasan da kake so ko ka tashi a tutar babu. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba irin wannan a 2018 ta ce caca ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da saka jarabar gem cikin kundin cututtukanta. Ƙasar Sin kuwa a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem ɗin intanet zuwa awa uku a mako, awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi. Duk waɗannan matsaloli ne na gaske, kuma sai wanda ya ɗauki abin da muhimmanci ne zai iya gane su.

Abu na ƙarshe shi ne labarin wa ake ba 'ya'yanmu. Al'ummar Iñupiat ta Alaska ba su da yawa, harshensu kuma yana fuskantar barazanar ɓacewa. Wata ƙungiyar 'yan asalin yankin ta haɗa kai da masu ƙera gem, aka zauna da dattawa, aka ɗauki wata tatsuniyarsu aka mayar da ita gem mai suna Never Alone a 2014, mai ba da labarin yana yi da harshensu. Nan maƙwabtanmu Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar da Aurion a 2016, wanda aka gina a kan al'adun Afirka. Mu da muke da miliyoyin masu magana da Hausa, ga Bayajida da rijiyar Kusugu, ga Sarauniya Amina, ga Gizo da Ƙoƙi, ga fataken goro da suka riƙa ratsa daji zuwa Gwanja, me muka yi da su? Yaron da ya ce wa mahaifinsa yana son ya koyi haɗa gem, mun san amsar da zai samu a yawancin gidajenmu. Alhali aikin yana buƙatar mai zane, da mai rubuta labari, da mai sauti, da mai sarrafa kwamfuta, duk sana'o'in da matasanmu ke iyawa.

Shawarata ga iyaye 'yan'uwana mai sauƙi ce. Yau da daddare ka zauna kusa da yaron, ka tambaye shi sunan gem ɗin, wane ne shi a ciki, me ake so ya yi, kuma ana sa kuɗi ko ba a sawa. Ka duba lambar shekarun da aka rubuta a Play Store. Idan na banza ne ka hana da hujja, idan mai amfani ne ka sa masa lokaci, kada ya ci sallah da karatu da barci.

Wanda yake da ra'ayi saɓanin nawa, bismillah, ina saurare, amma don Allah a gaya mini wane gem aka gani kafin a yanke hukunci. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu fi ƙarfin abin da ke hannunsu.