Ba rezo kaɗai ne ya hana ba

Duk wanda ka tambaya a Diffa me ya sa ba a koyarwa da na'ura a sakandare, amsa ɗaya ce: babu wuta, babu rezo. Ban musa ba. Amma ni kam na gaji da wannan amsa, don ta zama bargon da ake lulluɓe wata magana.

Ga inda na dosa. Tun da Boko Haram ta faɗa wa Damasak a Nuwamban 2014, dubban ƴan Najeriya suka tsallako Komadugu, wasu suka sauka Gagamari, wasu aka kai su sansanin Sayam Forage. Don kada karatun ƴaƴansu ya yanke, aka buɗe cibiyoyin karatu daga nesa masu bin manhajar Najeriya, da Ingilishi. To a can darasin addini darasi ne da ake rubutawa a jarrabawa: musulmi ya yi na Musulunci, kirista ya yi na Kiristanci. Mu kuwa kolej da lise namu na gwamnati ba su san da darasin Kiristanci ba, balle su horar da malaminsa.

Yaro musulmi bai rasa mai taimakonsa ba. Malamai ga su nan kowace unguwa, ga makarantun faranko-arab. Ɗan kirista fa? Akwai wata yarinya a layinmu, da wayar babanta take bita, wayar ma sai an kai ta wurin mai caji an biya dala goma. Ranar da baban ya fita da ita, ranar babu karatu.

Jama'a, a nan ne fa na'ura ta fi amfani! Inda malami ya yi ƙaranci, ba inda ya yi yawa ba. Malami guda a Maradi ko Jos zai iya naɗar darussan shekara sukutum, a zuba a memori, a kawo. Memori ba ya neman rezo. Ƙaramin faranti mai hasken rana ya isa caji, rana kuwa Allah ya ba Manga har ta yi yawa. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, yau har na saurare akwai. Wace wuta ce ta hana wannan?

Abin da ya hana shi ne tsoro, da kuma "ai ƴan kaɗan ne". Malami yana gudun a ce yana yaɗa Kiristanci. Tun da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, kowa ya kama bakinsa, su kansu iyayen yaran ba sa so a ji muryarsu. Ni musulmi ne, kuma na ce wannan shirun abin kunya ne a gare mu. Mu da aka rufe wa makarantu a bakin kogi a waccan shekarar, mu ne za mu ƙirga kai kafin mu yarda yaro ya yi karatu?

Masu cewa a bari sai wuta ta zauna, ku je ku gaya wa yarinyar layinmu. Jarrabawarta bana ce. Duk mai ɗora darussa a kwamfutocin ɗalibai, in ya sa lissafi da kimiyya da na Musulunci, ya sa nata.