'Yarmu Mai Digiri Da Buhun Robobi: Kada Mu Zama Masu Karya Mata Gwiwa

Iyayenmu mata, yayye da ƙanne na Maruta, Sara, Kila, Basirka, Gwaram da Birnin Kudu.

Yau kan yaranmu da suka gama karatu za mu yi magana. Kowace shekara Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Kafin Hausa suna yaye ɗalibai, su je bautar ƙasa su dawo, aikin ofis kuma bai kai yawansu ba. A cikinsu akan samu wadda ta ƙi zaman jira, ta fara tara robobi da ledar fiya wata, ko ta haƙa ramin taki a bayan gida, ko ta riƙa bin gidajen biki tana cewa a daina zuba shara a kwata. Me muke ce mata? "Duk karatun nan a jari bola ya ƙare?" Mu mata ne kan gaba wajen faɗin haka, kuma wannan bakin ne muke roƙo a gyara.

Ku duba wa leda take cuta. Akuyar da kike kiwo, ita ce asusunki ranar haihuwa ko ranar asibiti. In ta haɗiyi leda, ledar ba ta narkewa. Taruwa take a tumbi, akuya ta rage ci, ta rame, ciki a kumbure, ki yi ta sayen magani a banza. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga cikin dabbobi. Ga ledar da muke hura wuta da ita da safe, hayaƙinta a ƙirjinmu da na goyon da ke bayanmu yake sauka. Ga kwata da ta toshe, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida, katangar ƙasa ta jiƙe ta zube. Mutanen Gwaram ba sa buƙatar a ba su labarin ƙarfin ruwan damina. Ba mu manta Agustan 2021 ba, da ruwa ya karya gadar Radabi, mota ta faɗa, aka rasa rayuka 21. Allah Ya ji ƙansu. Gada aikin hukuma ce, amma kwatar ƙofar gida tamu ce.

Sai gona, inda maganar ta fi nauyi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kun ga yadda kuɗin mota da na takin zamani suka tashi. Da yawa sun koma kwasar juji suna kaiwa gona. Dabara ce mai kyau, sai dai jujin yanzu ba irin na kakanninmu ba ne: cike yake da leda, batir, fasasshiyar kwalba. A zuba a gonar gero ko riɗi, ledar ta zauna shekara da shekaru, ta tare ruwa da saiwa. A nan ne yarinyar da ta yi karatu take da amfani. Ta san a ware shara tun daga gida: leda da roba gefe, abin da ke ruɓewa gefe. Kashin awaki, toka, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, ganye, a jera a rami, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa, cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki mai laushi. Ba mu ce zai maye gurbin buhun takin zamani gaba ɗaya ba, amma yana rage abin da za a saya, kuma ƙasa tana riƙe danshi.

Kada a ce wannan aikin raini ne. A Gambiya, Isatou Ceesay ta fara a 1997 a ƙauyen Njau tare da wasu mata huɗu, suna wanke leda suna saƙa jakunkuna. Mutuwar awakin ƙauyen na cikin abin da ya tunzura ta. An yi musu dariya da farko, daga baya ɗaruruwan mata suka samu abin yi. Wangari Maathai ta Kenya, mai digirin digirgir ce, da dashen itatuwa tare da matan karkara ta fara a 1977, ta karɓi kyautar Nobel a 2004. Nan kusa, a yankin Maraɗi, manoma sun farfaɗo da miliyoyin itatuwa ta hanyar barin tohon kututture ya girma a gona maimakon sassabe shi. Gawo ma kun san halinsa: da damina yake zubar da ganye, bai tare wa shuka rana, ga taki kyauta.

Amma mu faɗi gaskiya, ba sana'ar kuɗin dare ɗaya ba ce. Leda ba ta da nauyi, sai an tara tuli kafin ta yi kilo, kuma kuɗin mota zuwa masana'antun Kano yana iya cinye ribar mutum ɗaya. Sai an haɗa kai, unguwa guda ta tara wuri guda. Kuma abu biyu ba mu yarda da su ba: a cire yaro daga makaranta a tura shi tsintar bola, ko a riƙa narka leda a tsakar gida da sunan sana'a. Mai tsinta ta sa safar hannu da takalmi.

To me ya rage mana? Shugabannin mata na mazaɓu, a taronku na gaba ku nemo irin waɗannan yara, mata da maza, ku ba su minti goma su yi bayani. Ku taimaka su yi rajistar ƙungiyar gama kai, don ba a cika sauraron mutum ɗaya ba. Akwai hukumar kare muhalli ta jiha, JISEPA, akwai kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya da ke aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja kan gyaran ƙasa da ruwa. Yarinyar da ta iya rubuta takarda ita za ta buga waɗannan ƙofofi a madadinmu. Kansila da shugaban ƙaramar hukuma kuwa, mu da muka yi layi a rana muna da bakin tambayarsu fili ɗaya a kowace mazaɓa da za a riƙa tara roba, da yashe magudanai kafin ruwan farko.

Daga wannan makon, kowace ta rataye buhu ɗaya a madafi don leda da robobi. In ya cika, ki sanar da shugabar mata ta mazaɓarki. A tura wa sauran 'yan uwa da ba sa cikin wannan zaure.