In Aiki Ya Ƙi Bin Layi, A Buɗe Masa Fayil

 

Yau maganar tsarin aiki za mu yi. Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san aikinmu iri biyu ne. Akwai wanda kullum fuskarsa ɗaya: buɗe shago, share gaba, ƙirga kaya, rubuta ciniki, haɗa lissafi da yamma. Wannan ko yaron da ya zo daga ƙauye jiya, in ka nuna masa sau uku ya iya. Akwai kuma wanda ba ka san inda zai kai ka ba sai ka shiga: mota ta lalace da kaya a daji, an riƙe takardunka a kan iyaka, wanda kake bi bashi ya rasu magada suna gardama, an turo maka kaya ba irin wanda ka biya kuɗinsa ba. Ribar shekara da asararta, yawanci a wannan kashi na biyun suke. Abin mamaki, shi ne kuma wanda ba mu yi masa tsari ko kaɗan. Yana cikin kan maigida da wayarsa, shi ke nan.

Turawa ma sun sha fama da wannan matsala, kuma tarihin yadda suka ɓullo mata yana da amfani a gare mu. A shekarar 1911 wani injiniya ɗan Amurka, Frederick Taylor, ya fitar da littafi yana cewa kowane aiki akwai hanyarsa guda mafi kyau, a auna ta, a rubuta ta, ma'aikaci ya bi kawai. A 1913 kamfanin Ford ya kafa layin harhaɗa mota mai tafiya: kowane mutum yana tsaye wuri ɗaya, aiki ɗaya yake maimaitawa. Gangar jikin motar da da take cin sama da awa 12 wajen harhaɗawa, ta koma kamar awa ɗaya da rabi. Ganin wannan nasara, sai ofisoshi da bankuna suka kwaikwaya. Da kwamfuta ta zo, aka yi ta zana wa aiki taswira: daga wannan tebur sai wancan, in an sa hannu a nan sai a wuce can.

Amma tun 1959 wani masanin harkar gudanarwa, Peter Drucker, ya ja hankalin mutane ga wani rukuni na ma'aikata da ya kira masu aiki da ilimi. Likita, lauya, mai binciken laifi, mai tantance asarar inshora. Waɗannan ba a iya zana musu layi, domin abin da suka gano a mataki na farko shi ke faɗa musu mataki na biyu. Likita bai san maganin da zai rubuta ba sai sakamakon gwajin jini ya dawo. Abin da asibiti ke yi shi ne ta buɗe wa mara lafiya fayil. Duk likitan da ya karɓi aiki, ko bai taɓa ganin mutumin ba, zai buɗe ya ga abin da ya kawo shi, abin da aka gwada, abin da aka ba shi, sannan ya yanke shawara da iliminsa.

Wajen shekarar 2010 masu ƙera manhajar kwamfuta suka ɗauki wannan dabara ta asibiti da kotu suka ba ta suna, wanda a Hausance za mu iya cewa tafiyar da kes gwargwadon hali. A shekarar ce wani mai suna Keith Swenson ya haɗa rubuce-rubucen masana a littafi guda a kan batun, kuma a 2014 aka fitar da ƙa'idar bai ɗaya ta zana irin wannan aiki a kwamfuta. Gundarin abin ba shi da wuya: a tsayar da manufa, a tara duk bayani wuri ɗaya, a sa iyakoki, sannan a bar wanda ke riƙe da lamarin ya zaɓi matakin gaba. Bahaushe ya riga ya faɗa, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

To mu fa, wa ya kai mu ganin canjin kiɗa? A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, manyan motoci suka yi layi a hanya, mutane suka koma tsallaka kogin Kwara da kwalekwale, kayan da ke bi ta Kwatano da yawa suka koma zagayawa ta Togo da Burkina Faso. A watan Yunin 2023 kuma aka saki farashin Naira, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da Naira 500 ta haura 1,500 cikin watanni kaɗan. Wane ɗan kasuwa ne ya rubuta waɗannan a tsarinsa na farkon shekara? Wanda ya ce wa yaransa “kullum ga yadda za ku yi, kada ku kauce”, ranar da hanya ta toshe sai su tsaya cik suna jiran wayarsa.

Ga yadda nake yi a nawa shagon, kuma ba na amfani da wata manhaja mai tsada. Littafi ne babba mai bango mai ƙarfi, da ambulan, da WhatsApp. Duk lamarin da na ga ya fita daga layi, nan take sai a buɗe masa shafinsa shi kaɗai. Mutanen Najeriya su ce fayil, mu na ƙasashen Faransanci mu ce dosiye, duk ɗaya ne.

A saman shafin ana rubuta abin da ake so a cimma, da gajeriyar magana. Wannan ya fi komai muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. “A karɓo bashin” daban yake da “a karɓo bashin ba tare da an ɓata da gidan ba”. Yaron da aka aika da na farko zai iya zuwa da ɗan sanda. Wanda aka aika da na biyu zai fara neman dattijon zango.

Ƙarƙashinsa sai sunan mutum ɗaya da lamarin ke wuyansa. Mutum ɗaya, ba biyu ba. Kowa zai iya taimakawa, amma in na tambaya ina aka kwana, na san bakin wa zan duba.

Sai iyakoki: nawa zai iya kashewa ba tare da ya tambaye ni ba, nawa zai iya ragewa a farashi, da abin da ba a yi ko ana ha maza ha mata, kamar sa hannu a takardar da bai karanta ba, ko miƙa wa wani asalin takardun kaya.

Sauran shafin tarihi ne. Duk wanda ya taɓa lamarin zai rubuta kwanan wata, abin da ya yi, wa ya gani, me aka ce, nawa aka biya. Rasit da takardar kwastan a ɗauki hotonsu, asalin ya shiga ambulan. A WhatsApp kuwa kowane lamari da zaurensa, domin muryar direba a kan lalacewar mota kada ta nutse cikin gaisuwar Juma'a da hotunan biki. Layin ƙarshe a kowane lokaci shi ne: me ya rage a yi, wa zai yi, yaushe.

Bari mu ɗauki misali. A ce ka yi lodin albasa daga Galmi za ta Kwatano, motar ta wuce Faraku sai giyarta ta mutu. Albasa ba ta jiran kowa, musamman in ta sha zafi a cikin buhu. Hanyoyi aƙalla uku ne a gaban yaronka. Ko a jira makaniki, ko a nemi wata mota a juye kayan, ko a mayar da su Faraku a sayar a can da 'yar ragi. Wanne ya fi? Babu mai iya faɗa daga zaune a Dantokpa. Ya danganta da ko akwai kayan gyaran a kusa, ko akwai motar da ta sauke kaya tana neman lodi, ko hadari ya haɗu, da yadda farashi yake a ranar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In shafin ya ce manufa ita ce kada albasa ta ruɓe, uwar kuɗi ta dawo, kuma an ba yaron ikon kashe kuɗi zuwa wani adadi, kafin azahar ya yanke shawara. In kuwa sai ya same ka, kai kuma kana wurin jana'iza ko wayarka ba caji, to kowace awa buhu ake asara.

Na san abin da wasu iyayen gida za su ce: “Malam, ka ba yaro wuƙa da nama, ai sai ya yanka wa kansa.” Maganar tana da kama, domin duk mun ga cin amana a kasuwa. Sai dai a duba da kyau, a ina aka fi cin amanar? A inda ba a rubutu. Yaron da ya san duk sisin da ya kashe zai shiga shafi da kwanan wata, kuma maigida zai karanta, ya fi wanda ke aiki da baki taka-tsantsan. Sannan iyakar a hannunka take. Sabon yaro ka ba shi kaɗan, in ya rufe shafi biyar lafiya ka ƙara masa. Da haka ake gane wanda zai iya riƙe reshe gobe.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake da ke tashi daga Kano zuwa Salaga sayen goro, tafiyar watanni ce, ba waya ba wasiƙa mai sauri. Attajirin da ya zuba dukiyarsa a ayari bai isa ya faɗa musu zangon da za su kwana a kowace rana ba. Manufa a fili take, a kai kanwa da tufafi da fata, a dawo da goro. Sauran kuwa madugu ne ke yankewa: wace hanya za a bi in an ji labarin 'yan fashi, nawa za a biya sarkin gari kuɗin fito, yaushe za a tashi. Jagaba yana gaba yana kawo labari. Abin da zamani ya ƙara mana shi ne sauƙin rubutu da hoto.

A kula kuma, kada a wuce gona da iri. Aikin da ke bin layi a bar shi a layinsa. Ƙirgar kuɗin yamma ba ta bukatar hikimar kowa, ƙa'ida take bukata, kuma yaron da ya ce zai yi ta “gwargwadon hali” a sa masa ido. Fayil na lamarin da ya kauce ne. A ƙaramin shago da wuya a samu fiye da biyar ko shida a buɗe lokaci ɗaya. Ni ranar Asabar da safe nake bin su ɗaya bayan ɗaya da yarana, ba ya cin mu rabin awa. Wanda ya yi mako ba a rubuta masa komai ba, shi ne wanda ke shirin zama asara.

In lamari ya ƙare, kafin a rufe shafin, a ƙara layi biyu: me ya yi aiki, me za a sake in ya ƙara faruwa. A nan riba ta biyu take. Bayan shekara biyu za ka tarar kana da lambar makanikin kirki a garuruwan hanya, ka san takardar da aka fi tambaya a kowace iyaka, ka san irin mai sayen da bashinsa ke wahalar fita. In matsala iri ɗaya ta dawo sau uku ko huɗu kuma hanya ɗaya ce ke warware ta, to ta tashi daga abin mamaki ta zama ƙa'ida, sai a rubuta ta a bangon littafi kowa ya bi.

Akwai wani dalili da ya fi duk waɗannan nauyi, kuma shi ya sa na kawo maganar a mujallar iyali. Mu baƙi ne a ƙasashen nan. Yawancin harkarmu amana ce da baki. A zangonni da dama an ga maigida ya kwanta ciwo ko ya rasu farat ɗaya, a bar uwargida da marayu ba su san wa ake bi ba, wa ke binsu, wane kaya ke hanya, wace magana aka ƙulla da wa. Masu bin bashi kan zo tun kafin sadakar bakwai, waɗanda ake bi kuwa sai wanda ya ji tsoron Allah. Shafin da aka rubuta manufa da tarihi da abin da ya rage, ko ɗanka ɗan sakandare zai iya ɗauka ya je wurin ƙaninka ko sarkin zango ya ce, “Baba, ga inda mahaifinmu ya tsaya.”

Don haka iyayen gida, ku nuna wa uwargida inda littafin yake, ku bar babban ɗa ko babbar 'ya su riƙa zama ranar da ake bitarsa. Ku kuma iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida, masu atamfa da turare da adashi, abin ya shafe ku: kayan da aka aiko ba daidai ba, ko zubin da ya tsaya a hannun wata, kowanne shafinsa. A wannan makon a gwada da lamari ɗaya kawai, wanda ya fi hana ka barci. A rubuta abin da ake so, wa ke riƙe da shi, iyakarsa, da abin da za a yi gobe.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.