Wai Launi Ma Ya Zama Magani?

Jama'a, wata sabuwa ta fito. Ga tabarau, ga ɗamara, ga marufin fuska, duk an jera musu 'yan ƙwayayen fitila, ana ta tallarsu a intanet. Wai ja na tsinka jini, kore na kwantar da hankali, rawaya na kaifafa ƙwaƙwalwa. Har wani maƙwabcina a ɗakin kwana yana shirin gutsurar kuɗin abincinsa ya sayi tabarau ɗin, wai kansa ya buɗe kafin jarrabawa!

To, ba yau farau ba. A 1920 wani Dinshah Ghadiali, haifaffen Indiya mazaunin Amurka, ya ƙera akwati mai ƙwan fitila da gilasai masu launi, ya raɗa masa suna Spectro-Chrome, ya ce yana maganin kusan kowace cuta, har ciwon suga. Mutane suka yi watsi da magungunansu suka zauna gaban akwati, wasu suka ce ga garinku. A 1947 kotu ta ci shi tarar dala 20,000. Akwatin nan ne aka ƙanƙance yau, aka sa masa batir, ake ɗaura wa mutane a goshi.

Kada wani ya ce na raina haske. A 1903 Niels Finsen ya sami lambar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske. Tun 1958 kuma likitoci a Ingila suka nuna cewa shuɗin haske na sauya sinadarin bilirubin a jikin jariri mai shawara, har jiki ya iya fitar da shi. Amma fa a asibiti ana auna jinin yaro, a auna ƙarfin fitilar, a rufe masa idanu. Mai talla me ya auna, ban da aljihunka? Ko kamfanin Neutrogena sai da ya janye marufin fuskarsa na maganin ƙuraje a 2019 don gudun cutar da ido.

Maƙwabcina dai iyakarsa ya sha gari har ƙarshen zango. Wadda nake jiye wa ita ce mai jegon da za ta ji an ce shuɗi na maganin shawara, ta sayo 'yar fitila ta zauna a ɗaki, alhali kuwa shawara in ta tsananta kwanaki kaɗan ke isarta ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri, ta bar shi kurma ko da shanyewar gaɓoɓi har abada.