A ci wainar su, a kori mai yi masu waƙa?

Mai karatu, kafin ka ɗaure fuska ka juya shafi, tsaya ka ji ni. Ba fatawa na zo bayarwa ba, ba ni da wannan ilimin, kuma abin da addini ya haramta ya haramtu. Magana ta a kan wata mawaƙiya ce ta garin mu Malumfashi, da irin sakayyar da mu ka yi mata.

Ba zan kama sunan ta ba, don ta na da 'ya'ya da jikoki a cikin gari. Mai amada ce, ita da 'yan amshin ta da ƙoran su. Shekara da shekaru, in kaka ta yi, an sayar da auduga da masara, kuɗi sun shigo hannu, za ka tarar bukukuwa sun ɓarke daga Malumfashi zuwa Ƙafur, Bakori har Funtuwa, ita kuwa ba ta kwana biyu a gida. Duk wanda ya san bikin mata a wancan lokacin ya san su wa ke tuƙa tuwo, su wa ke suyar nama, su wa ke fara shiga fili idan kiɗa ya tashi. 'Yan daudu ne. Ita dai ba ta taɓa ɓoye hulɗar ta da su ba. In sun kira ajo ta kan je ta yi wasa. In ɗayan su ya kwanta ciwo, dangi sun dare, sai ta ware wani abu daga liƙin da aka yi mata a kai masa asibiti. Na san mutum biyu da ita ta sayi likkafanin su.

To, bana ana shirin bikin ƙanwar wani aboki na, uwar amarya ta ce a kira ta, sai mazan gidan su ka yi tsalle su ka dire. Wai "mawaƙiyar 'yan daudu" ba za ta taka masu gida ba. Na ce to, gidan su ne. Amma ka san wa aka ba kwangilar waina da funkason walimar? Wani ɗan daudu da ke bakin tasha, saboda wai hannun sa ya fi na kowa. Haba jama'a! Kaskon sa ya halatta, amma matar da ta kai masa magani ita ce abin ƙyama?

Wannan fuska biyun ba a gidan aboki na ta tsaya ba, ta na cikin finafinan mu. Wa ya manta da 'Ibro Ɗan Daudu' na marigayi Rabilu Musa, wanda ya fito a farkon shekarun 2000? An sayi kaset, an yi dariya har da riƙe ciki, yara su ka dinga kwaikwayon karairaya a kan layi. Ban ga laifin Ibro ba, Allah ya jiƙan sa, barkwanci ce sana'ar sa. Amma tun daga lokacin, furodusoshin mu iri ɗaya su ka sani: a ɗaura wa ɗan wasa zane, ya tafa hannu, ya yi habaici, a yi dariya, a tashi. Marubutan littattafan soyayya kuwa ba sa tuno da ɗan daudu sai su na neman kawalin da zai lalata yarinya. Yaya aka yi ya bar gidan su? Wa ya ke ciyarwa da kuɗin kaskon nan? Wa zai yi masa wanka in ya mutu? Babu mai tambaya. Sai da wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zo Kano a shekarun 1990 ya zauna da su, ya fitar da littafin 'Allah Made Us' a 2009, inda ya nuna cewa da yawan su na da mata da 'ya'ya, su na salla, wasu har Makka sun je. Abin da ke bakin tashar mu, sai baƙo ne ya rubuta mana shi.

Kalmar ma kan ta ba zagi ba ce a asali. Mu nan garin Galadiman Katsina mun san "Daudu" a kirarin sarauta, masana kuma na danganta sunan 'yan daudu da Ɗan Galadima na bori. Wannan a gefe.

Za ka ce ai luwaɗi su ke yi. Wasu na yi, ban musa ba, kamar yadda wasu masu manyan riguna ke yi ba tare da sun taɓa ɗaura zane ba. To amma ka gani da idon ka? Shari'ar da Jihar Katsina ta ƙaddamar a 2000 ba ta ce a yanke wa mutum hukunci da tafiyar sa ko muryar sa ba. Kuma yanzu zargin ba wasa ba ne. Tun Janairu 2014, da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, ɗaurin shekara 14 ne ga masu auren, shekara 10 ga mai tallafa wa ƙungiya ko taron su. A Zariya, cikin Afrilu 2017, an kama mutum 53 bisa zargin bikin auren jinsi, lauyan su ya ce bikin zagayowar ranar haihuwa ne. Saboda haka duk wanda ya laƙaba wa tsohuwa mai ƙwarya wannan suna, ba abincin ta kaɗai ya tsare ba, ya na iya jawo mata abin da ya fi haka.

Ina ma laifin ta ya ke? Ciyar da mara lafiya? Malaman mu ne su ka karantar da mu a Buhari da Muslim cewa an gafarta wa wata karuwa saboda ta shayar da kare ruwa. Kare fa! Ita wannan ɗan'adam ta shayar, mai kalmar shahada.

Mun saba yin haka da mawaƙan mata. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wane irin suna ne ba a kira ta ba saboda 'Waƙar Duwaiwai'? Ita ce kuma ta yi 'A Kama Sana'a Mata', wadda ta zaburar da matan kulle da dama su ka tashi neman na kan su. Da ta rasu a 2013 sai ga yabo ta ko'ina, har Farfesa Abdalla Uba Adamu ya rubuta mata ta'aziyya mai tsawo da Turanci. Shi dai ya daraja ta tun ta na raye. Sauran mu sai da ƙasa ta rufe ido.

Tamu ta Malumfashi ta na nan da ran ta, ƙoran na rataye a ɗaki, kira ya yi ƙaranci. Bikin ƙanwar aboki na kuwa an yi shi lafiya da mai kiɗan na'ura da aka ɗauko daga Funtuwa. Wainar ko la'asar ba ta kai ba, har wani daga cikin mazan da su ka yi tsallen nan na ji ya na tambaya ko da saura a ƙunsa masa ya kai gida.